WASIƘAR AKAWU: WASAN DOMINO DA ƘANANAN YARA

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka sāke ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni. Yau dai na ajiye zancen ofis da takardunsa, abin da na zo da shi daga tsakar gidana na ɗauko shi. Na sani wanda ya ga kan maganar zai ce yau Akawu ya rasa abin rubutawa, ya koma zancen wasan yara. To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke mini hukunci.

Ina da yarinya 'yar shekara 5 da 'yan watanni. Ba zan faɗi sunanta ba, kun dai san al'adarmu game da 'yar fari. Tun bara ta ke zuwa wata ƙaramar makaranta a unguwarmu, ba ta kuwa daɗe da shiga ba sai ga ta tana jero ƙidaya da Turanci daga 1 har 100, ba tuntuɓe, ba tsayawa. Ni kuwa sai kaina ya kumbura. Ko wane baƙo ya shigo zaurena sai na kira ta ta yi masa, shi kuma ya sa albarka, ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, 'yar akawu dole ta san lissafi.

Ran nan wani dattijo, abokin mahaifina, ya kawo mini ziyara daga ƙauye. Na ce wa yarinyar ta shiga wurin uwarta ta karɓo goro huɗu a ba Baba. Sai ga ta da goro cike da hannu biyu. Na ce, "Ƙirga mu gani." Ta zube su a kan tabarma ta soma, bakinta na gudu, yatsanta na rarrafe a baya. Kafin ta taɓa na ƙarshe bakin ya kai goma sha biyu, alhali kuwa goron bakwai ne. Na ce, "To, nawa ke nan?" Ta dube ni, ta dubi goron, ta sāke somawa daga ɗaya. Dattijon ya yi murmushi, ya zari huɗu ya sa a aljihu, ya ce, "Ɗana, wannan ai waƙa ta iya. Jikata da ke tallar ƙosai ba ta san ƙofar makaranta ba, amma ba ka cutarta ko da ƙosai ɗaya." Jama'a, da ƙasa za ta tsage a ran nan da na shige.

Ban ga laifin malamarsu ba, don na leƙa ajin na ga yawan yaran da a ka danƙa mata ita kaɗai. Wanda ke kiwon garke irin wannan ba shi da abin yi sai ya sa su rera tare. Mu ma haka a ka yi mana a makarantar mishan inda na yi karatu: jadawalin sau mu ke rerawa ko wace safiya kamar baiti, na kuma daɗe ina faɗin bakwai sau takwas hamsin da shida kafin in san abin da zancen ke nufi. Da na kwanta a daren nan ina juya maganar dattijo, sai na ga ashe ƙidaya abu uku ce a haɗe, yarinyata kuwa ɗaya kaɗai ta riƙe. Na fari, a san sunayen lambobi bi da bi, wannan ta iya. Na biyu, ko wane abu a ba shi suna ɗaya tak, kada a tsallake wani, kada a maimaita wani. Na uku, a gane cewa sunan da a ka faɗa a kan na ƙarshe shi ne yawan abin duka. Wanda ya rasa biyun nan na baya, ko ya ƙirga zuwa dubu, karatun aku ya ke yi.

Ina cikin wannan damuwa na ba wani abokin aikina labari, mutum ne da ya zauna a Sudan shekaru, cikin danginsa Hausawa da ke can. Kashegari sai ya zo mini da wani ɗan akwati, ya ce in je in gwada. A can, in ji shi, dumna a ke ce wa wasan, manya ke yinsa a wuraren shan shayi da dare, amma shi da shi ya koya wa 'ya'yansa ƙidaya. Turawa domino su ke kiransa.

Saboda wanda bai taɓa gani ba, bari in kwatanta. Waɗansu 'yan ƙwayoyi ne masu faɗi, na katako ko na roba, tsawon ko wace ya yi biyun faɗinta. An ja layi a tsakiya an raba fuskarta gida biyu, ko wane gida kuwa da ɗige-ɗige irin na ɗan abin nan mai fuska shida da a ke jefawa a wasan ludo, daga ɗigo 1 zuwa 6, wani gidan kuma fanko, ba ko ɗigo. Ƙwayoyin 28 ne, ba biyu da su ka yi kama. Bakwai daga ciki gidajensu biyu daidai su ke, kamar uku da uku, ko shida da shida, mu a gidanmu tagwaye mu ke ce musu. In ka tara ɗige-ɗigen akwatin duka za ka sami 168. Akwai kuma manyan akwatuna, wanda ya kai ɗigo 9 ƙwaya 55 ke cikinsa, wanda ya kai 12 kuwa 91, amma na 28 ɗin nan shi ne na kowa da kowa.

Wasan ba na jiya ba ne. Masu binciken tarihi suna kai asalinsa ƙasar Sin, inda wani marubuci mai suna Zhou Mi, wanda ya rayu daga 1232 zuwa 1298, ya ambaci irin ƙwayoyin nan cikin kayan da 'yan talla ke sayarwa a babban birninsu na wancan zamani. Nasu na Sin ƙwaya 32 ne, babu gidan fanko a ciki. Irin wanda mu ke da shi yanzu a Italiya ya bayyana cikin ƙarni na 18, daga nan ya shiga Faransa, ya ƙetara Ingila, ya bi jiragen ruwa ya watsu. Yau in ka je Kuba ko Jamaika ko gidajen gahawa na Masar, za ka iske dattawa sun kewaye tebur suna buga shi da ƙarfi har a ji a titi.

Yadda a ke yinsa ba wuya. A kife ƙwayoyin a cuɗa su. In mutum biyu ne ko wane ya ja bakwai, in uku ne ko huɗu a ja biyar biyar, sauran a bar su a kife a gefe, mu kan ce musu kasuwa. Mai tagwaye mafi girma shi ke fara ajiyewa. Na kusa da shi ya nemi ƙwaya a hannunsa wadda ɗaya gidanta ya yi daidai da ɗaya bakin layin, ya jona, huɗu ta sumbaci huɗu, biyu ta sumbaci biyu. Wanda ba shi da ita sai ya tafi kasuwa ya ja. Wanda ya riga ƙarar da na hannunsa shi ya ci. In kuwa layi ya toshe, ba mai iya jonawa, sai kowa ya ƙirga ɗigon da ya rage masa, mai mafi ƙaranci ya ci. Shi ke nan.

Daren farko ban ba ta 28 ɗin duka ba. Na ware waɗanda ba su wuce ɗigo 4 ba, su 15 ne, na buɗe su a fili a kan tabarma bayan cin tuwo, ba ɓoyo, ba ci, ba kāye. Na ajiye guda na ce ta nemo mini 'yar'uwarta. Nan na ga amfani na fari: ɗigo ba ya gudu, ba ya birgima kamar goro, kuma kaɗan ne, saboda haka dole yatsa ya jira baki, baki ya jira yatsa. In ta yi garaje ta ce uku biyar ce, sai ta jona ta ga da idonta ba su yi kama ba, ta janye da kanta, ba sai na ce mata ta yi kuskure ba. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, gama yaro ya fi yarda da gyaran da idonsa ya yi masa bisa gyaran da a ka yi masa da tsawa.

Bayan kamar mako biyu sai na lura da wani abu. Ta daina sa yatsa a kan biyu da uku da huɗu, da ta gani sai ta faɗa. Wannan baiwa ce da ke cikin ko wane ɗan Adam, masana sun daɗe suna auna ta. A 1871 wani Bature na Ingila, Stanley Jevons, ya riƙa watsa baƙin wake cikin wani ɗan farin akwati, ya dubi abin da ya faɗa ciki da ƙiftawar ido ɗaya, ya faɗi yawansa, sa'an nan ya ƙirga ya gani ko ya dace. Ya yi haka fiye da sau 1,000. Da wake uku ko huɗu bai yi kuskure ba ko sau ɗaya, amma daga biyar kuskure ya fara shigowa, yana kuma ƙaruwa da ƙaruwar waken. A 1949 waɗansu masana a Amurka su ka raɗa wa baiwar suna daga wata kalmar Latin mai ma'anar farat ɗaya. Watau ido kan kama abu har huɗu ba tare da ƙirga ba, daga nan sai ya nemi taimako. To, taimakon nan shi domino ke bayarwa, domin ɗige-ɗigensa a tsare su ke: biyar ita ce huɗu a kusurwoyi da ɗaya a tsakiya, shida kuwa layi biyu ne na uku uku. Yaron da ya saba ganinsu haka ya riga ya san biyar huɗu ce da ɗaya, shida uku ce da uku, tun kafin wani ya rubuta masa alamar tarawa a allo.

Amma a nan akwai wani rami da na so in faɗa, ina kuma gargaɗin iyaye da shi. Yaro ya kan hardace siffar ɗigon kamar yadda ya ke gane fuskar mutum, ba tare da ya san yawa ba ne. Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1980, ya nuna cewa in ka jera wa ƙaramin yaro abubuwa layi biyu masu yawa ɗaya, sa'an nan ka baza layi guda a gabansa, sau da yawa zai ce wanda a ka baza ya fi yawa. Na gwada wa tawa da tsakuwa biyar biyar, ta kuwa faɗa ramin. Maganin da na yi shi ne na kawo 'ya'yan dabino a kwano, ko wace ƙwaya ta ajiye sai ta ɗora ɗan dabino a kan ko wane ɗigo, sa'an nan ta kwashe su ta jera a layi, ko ta dunƙule su a hannu, ta sāke ƙirgawa. Da yau da gobe ta gane biyar tana nan biyar, ko a tsare, ko a baje, ko a cikin aljihu.

Daga nan tarawa ta zo da kanta, ba ni na kira ta ba. Da mu ka koma akwati cikakke, ran da layi ya toshe dole kowa ya san nauyin abin da ya rage masa, ita kuwa tana son ta san ko ta ci. Da fari ƙwayar biyar da biyu sai ta ƙirga ta tun daga ɗaya har bakwai. Wata rana na ji ta ce, "Biyar," ta ɗan tsaya, "shida, bakwai." Wanda bai taɓa koyar da yaro ba ba zai san girman wannan taki ba, amma malaman firamare da ke karanta wasiƙar nan sun sani. Sai na ƙirƙiro mana wani ɗan wasa: in ce a nemo mini duk ƙwayar da ɗigonta ya haɗu ya ba da shida. Guda huɗu ne, fanko da shida, ɗaya da biyar, biyu da huɗu, uku da uku. Ta jera su ta yi ta kallo, ta ce, "Baba, duk shida ne amma ba su yi kama ba!" Ta kuma gano da kanta cewa in ka juya ƙwayar biyu da huɗu ta zama huɗu da biyu, ba abin da ya ragu. Har gidan fanko ya yi nasa aiki, gama shi ya koya mata cewa babu ma lamba ce mai suna da mazauni, abin da ya kan ba yara wuya ƙwarai in an kawo musu sifiri a rubuce.

Kada a ce Akawu ya ga abu a gidansa ya mai da shi doka. A 2008 waɗansu masana biyu na Amurka, Geetha Ramani da Robert Siegler, su ka buga sakamakon gwajin da su ka yi da yara 'yan shekara 4 zuwa 5, 'ya'yan marasa ƙarfi. Sun sa waɗansu wasa a kan allo mai gidaje goma da a ka rubuta wa lamba 1 zuwa 10, waɗansu kuma a kan allo irinsa mai launuka kaɗai, zama huɗu na 'yan mintoci cikin mako biyu. Masu allon lamba su ka fi sauran ƙirga da gane wace lamba ta fi wata, bayan mako tara kuma a ka sāke auna su, abin bai zube ba. Gaskiya ne ba domino su ka yi ba, amma darasin ɗaya ne, ɗan wasa kaɗan mai lamba a ciki, tare da babba a gefe, yana barin alama a kan yaro.

Yanzu bari in faɗi laifina, don kada wani ya maimaita shi. Da na ga abin na ci sai zari ya kama ni. Na mai da tabarma aji, ko wane dare sai an yi, ko tana so ko ba ta so, ina tambaya kamar mai jarrabawa. Wani dare ta ga za ta sha kāye, sai ta tura ƙwayar shida da shida ƙarƙashin cinyarta, ta ce ta gama. Ni kuwa akawu ne, da na tattara na ga 27. Na daka mata tsawa, na kira ta da sunan da bai kamata uba ya kira 'yarsa da shi ba. Kwana huɗu ko kallon akwatin ba ta yi. Mai ɗakina ce ta zaunar da ni ta ce, "Malam, kai ka ce wasa ne. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Yarinyar nan ba don lissafi ta ke zuwa tabarmar ba, don ta zauna kusa da kai ne." Maganar ta shige ni. Na kira yarinyar na lallashe ta, na gaya mata ɓoye ƙwaya ba kyau, amma tsawar da na yi ma ba kyau. Tun daga ran nan mu ka kafa sharaɗi, wanda a ka kayar shi zai ce wa wanda ya ci barka, shi kuma zai cuɗa na gaba. Yau ta kan sha kāye ta yi dariya, ta kan jira layinta ko da ƙwayar na ƙaiƙayin hannunta. Ina ganin wannan bai gaza lissafin daraja ba.

Saura maganar da na san tana bakin waɗansu tun ɗazu. Maƙwabcina, wani malami dattijo mai almajirai, ya shigo wata rana da la'asar sakaliya ya iske mu a zaure. Ya tsaya ya ce, "Malam Akawu, caca ka ke koya wa yara?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a zauna a gani." Ban ɓoye masa ba cewa akwai inda a ke caca da shi, kamar yadda a ke yi da karta, har da dara ma in an sami 'yan banza. Na ce amma a gidan nan ba a sa ko ƙwayar gyaɗa, ba a yinsa lokacin salla ko lokacin aike, ba ya kuma wuce kwata ɗaya na sa'a. Ya zauna ya ga yadda yarinyar ke ƙirga, bai ce kome ba.

Sai na ce bari in nuna masa wani abu. Na zare ƙwaya guda a ɓoye na sa a aljihu, na ba shi 27, na roƙe shi ya jona su duka a layi ɗaya yadda ya ga dama, ni kuwa na rubuta lamba biyu a takarda na kife. Da ya gama, bakin layin guda uku ne, ɗayan biyar. Ya buɗe takarda, ga 3 ga 5. Ya dube ni ya ce, "Kai, duba ka koya a makarantar taku?" Na ce ba duba, ba tsibbu, cika da mara ne kawai. Ko wace lamba sau 8 ta fito a akwatin, takwas kuwa cika ce, tana rabuwa biyu biyu. A cikin layi ko wace lamba da abokiyar jonawarta ta ke tafiya. Da na zare ƙwayar uku da biyar, sai uku ta koma sau 7, biyar ma sau 7, watau mara, dole ko wace ta bar guda ba abokiya, wadda ba ta da abokiya kuwa ba ta da wurin zama sai bakin layi. Malam, da ya ke mutum ne da ya san hisabi, kafin in rufe baki ya riga ni. Ya yi dariya ya ce in dai ba kuɗi a ciki, ba ya kuma cin lokacin abin da ya wajaba, shi bai zo da faɗa ba. Irin wannan tunani na cika da mara shi ne Leonhard Euler ya yi a 1736, sa'ad da ya nuna ba yadda za a yi mutum ya bi gadoji 7 na birnin Konigsberg sau ɗaya ɗaya ba maimaici. Ku duba, abin da yara ke wasa da shi a tabarma ashe jikan babban ilmi ne.

Ba na ce domino zai maye makaranta ba. Ba ya koya wa yaro rubuta lamba, ƙwaya guda ba ta wuce 12, ba ruwansa da gidan goma da gidan ɗari. Tushe kaɗai ya ke kafawa, malami ya ɗora gini. Ba na kuma ce ya fi namu na gado ba. Mai dara da ke lura da gidaje 30 da 'ya'ya goma sha biyu biyu lissafi ya ke yi, 'yan matan da ke carafke ma ƙirga su ke yi ba su sani ba. Abin da ya sa na zaɓi domino shi ne lambar a rubuce ta ke a fuskarsa, ɗan shekara huɗu na iya shiga, kuma uba da 'ya na iya zama a kansa ba wanda ya gaji da wani.

Wanda bai sami na saye ba kada ya ce ya rasa. A sami kwali mai kauri, ko a roƙi kafinta guntayen katako, a yanka 28 daidai wa daida, a ja layi a tsakiya. A fara da fanko a haɗa shi da fanko har zuwa shida, ƙwaya 7 ke nan. Sa'an nan ɗaya da ɗaya har zuwa shida, 6. Biyu ta ba da 5, uku ta ba da 4, huɗu 3, biyar 2, shida da shida ita kaɗai. A tara a gani, 28 ne cif. A sa yaron ya ɗiga ɗigon da hannunsa, wannan ma karatu ne. A yi ƙirgar da Hausa tukuna, harshen da ya ke tunani da shi, Turancin ya biyo baya. A kuma kiyaye da mai rarrafe, gama kome ya samu baki ya ke kai wa, ƙaramar ƙwaya kuwa tana iya shaƙe shi. A tashi daga wasan tun yaro na so a ƙara.

'Yan'uwana akawuna da malamai, mu ne mu ke wuni muna lissafin dukiyar waɗansu, mu dawo gida a gajiye, yaro ya matso mu miƙa masa wayar hannu don ya ƙyale mu mu huta. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Minti goma sha biyar a kan tabarma ba za su karya kowa ba. Makon jiya dattijon nan na ƙauye ya sāke zuwa, ban ce kome ba, shi da kansa ya ce wa yarinyar ta kawo masa goro huɗu. Ta kawo huɗu. Ya ce, "In na ba ubanki ɗaya fa?" Ta ce, "Saura uku, Baba." Ya ba ta tukwici, ya ce yanzu ta fara zama 'yar akawu.

Zan rufe da tambaya ga masu son motsa ƙwaƙwalwa. Dabarar nan da na yi wa Malam tana ci da ƙwaya 28, tana kuma ci da 15 ɗin nan da ba su wuce ɗigo 4 ba. Amma in ka ware waɗanda ba su wuce ɗigo 5 ba, su 21, ko kwana za ka yi ba za ka jona su duka a layi ɗaya ba. Mene ne dalili? Wanda ya gano ya rubuto wa Edita, in Allah ya kai mu mako mai zuwa zan kawo amsa, tare da garin wanda ya riga kowa.

Haza wassalam.

Ni ne naku,
Akawu.